Hoton Rasit A Waya Ba Ya Mallaka Maka Riɗi

Tambaya: Malam, wani ɗan kasuwa a Birnin Kudu ya turo mini hoton rasit ɗin buhu hamsin na riɗi da ya ce ya ajiye a sito, yana so in tura kuɗi ya bar mini. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Gwaram.

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata da kuɗinka tukuna. Hoton da ya turo maka ta WhatsApp zai iya tura wa mutum goma a kasuwar Sara kafin la'asar, kowa ya biya yana ganin riɗin nasa ne. Rasit na takarda guda ɗaya ne, wanda ke riƙe da shi shi ke da kaya, amma hoto ba ya ƙarewa. Shi ya sa dokar misali da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokokin ciniki ta fitar a 2017 ta sharɗanta cewa irin wannan shaida ta lantarki dole a iya gane ta asali, kuma mutum ɗaya kaɗai ke da iko da ita.

Ka je sito da ƙafarka, ka ƙirga buhunan, ka soka wasu ka duba cikinsu. Mai sito ya goge sunan mai kaya a rajistarsa, ya rubuta naka a gaban shaidu biyu, ya tabbatar ba a jinginar da kayan ba. Lambar mai sito kuwa ka nemo ta da kanka, kada ka kira wadda aka turo maka. Sai an gama wannan za ka biya, ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan ɗan kasuwan.