Ƙwaƙwalwa, Laka da Jijiyoyi: Darasi Kafin Shigowar Bazara

Sanyin hunturu ya fara ja da baya, ba da daɗewa ba zafin bazara zai sauko mana a Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu. Lokacin sanƙarau ke nan. Domin haka muka ga ya dace darasinmu na wannan wata ya zama a kan sashen jikin da wannan ciwo yake kai wa hari, watau ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin da suke fita daga cikinsu.

Bari mu fara da warware wata kalma. A Hausa abubuwa uku muke kira jijiya: hanyar jini da ake gani a bayan hannu, da agara mai tauri da take bayan diddige, da kuma waɗansu fararen zaruruwa masu laushi waɗanda ba jini suke ɗauka ba, saƙo suke kaiwa suna kawowa. A kan na ukun nan muke magana, za mu kuwa kira su jijiyoyin saƙo.

Cibiyarsu ita ce ƙwaƙwalwa. Nauyinta a jikin baligi bai cika kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86, tana kuma cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Daga gindinta, wajen ƙeya, laka take sauka ta cikin ƙashin baya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga irinta, fara sol, a tsakiyar gadon bayan rago. Tsawon tamu kimanin santimita 45 ne. Jijiyoyi 31 suke fita daga kowane gefenta zuwa hannuwa da ƙirji da ciki da ƙafafu, waɗansu 12 kuma a kowane gefe suna fita kai tsaye daga ƙwaƙwalwa zuwa ido da kunne da hanci da harshe da sauransu.

Ga manomi a gonar dawa, ya taka ƙaya. Saƙo ya tashi daga tafin ƙafa zuwa laka, laka kuwa ba ta jiran shawarar ƙwaƙwalwa, nan take take umartar ƙafa ta ɗaga. Sai bayan haka labari ya isa sama, mutum ya ce wash. A cikin jijiyoyi mafi sauri, saƙo yakan yi tafiyar fiye da mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma aikin da ba mu sa baki a cikinsa: bugun zuciya, narkewar tuwo, zufa, numfashi sa'ad da muke barci. Wani abin mamaki, hanyoyin saƙo suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, har ɓarin hagu nata ya zama shi ke mulkin ɓarin dama na jiki. Shi ya sa wanda hawan jini ya fasa masa hanyar jini a hagun kai yakan shanye a dama, sau da yawa har magana ta sarƙe.

Yanzu ga abin da ya fi kowane muhimmanci a darasin nan. Fata takan yanke ta warke. Ƙashi yakan karye, maɗori ya ɗora, ya haɗe. Amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na laka, in sun mutu, galibi ba a samun madadinsu. Mun ga wannan a shan inna: ƙwayar cutar tana hallaka ƙwayoyin laka masu ba ƙafa umarni, ƙafar da ba ta samun umarni kuwa sai ta motse, ta zauna haka har tsufa. An dakatar da ɗigon rigakafinta a Jihar Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Sai a watan Agusta na 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka, amma guragun da ta bari suna nan tare da mu, ɗigon ma ba a daina shi ba.

Mu komo ga sanƙarau. An lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka da tantani hawa uku, da wani ruwa garai-garai a tsakani wanda yake kare su daga girgiza. Ƙwayar sanƙarau takan zauna a maƙogwaron mai lafiya ba tare da ya sani ba, ta bi tari da atishawa zuwa wani. Sa'ad da ƙura da busasshiyar iska suka raunana cikin hanci, mutane kuma suka cunkushe a ɗaki ɗaya marar taga, sai ta sami hanyar shiga jini, ta kai ga tantanin nan, ya kumbura. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri, saboda haka ƙwaƙwalwa ce take shan matsi. Wuya yana sanƙarewa ne gama sunkuyar da kai yana jan tantanin da ya kumbura. Jijiyar ji kuma ta nan take ratsawa, shi ya sa yaro yakan tashi daga ciwon ya kurumce. Ciwon yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. In ba a yi magani ba, yakan kashe kusan rabin waɗanda ya kama, cikin waɗanda suka tsira kuma kusan ɗaya cikin biyar yakan saura da lahani.

Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, Kano kuwa tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. A shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Ba za mu ce masu ɗari-ɗari da allura ba su da dalili ba. Sai dai mu dubi abin da ya biyo baya. Tun da aka fara rigakafin MenAfriVac a ƙasar nan a 2011, nau'in ƙwayar da ya yi ɓarnar 1996 ya kusan ɓacewa. Wani nau'in ya taso a Zamfara da Sakkwato a 2017, ya kashe fiye da mutum 1,000. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar.

Alamun da za mu lura da su: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, ruɗewa, jijjiga, sanƙarewar wuya. A jariri wuya ba lalle ya sanƙare ba. A dubi maɗiga ko ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya sāke. Muna roƙon katikis da shugabannin zumuntar mata su karanta wa jama'a wannan sashe, su kuma san tun yanzu wane mai babur ko mai mota za a tayar in abin ya zo da tsakar dare. Ko daga Getso ne ko daga Garo, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen ƙwaya a kemis. A nufi Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa.

A can likita yana iya neman izinin ɗiban ruwa daga bayan marar lafiya, iyaye da yawa kuwa sukan ƙi, suna tsoron allurar za ta taɓa laka ta gurgunta yaro. Ga amfanin sanin ginin jiki: laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba, tana ƙarewa a sama da kwankwaso, allurar kuwa ƙasa da nan ake sa ta, inda ruwan yake taruwa. Da ɗigon ruwan nan ne ake gane wace ƙwaya ce ta shiga, da maganin da zai kashe ta.