Kowa da Irin Hannunsa

Wata rana a wata makaranta, lokacin aikin hannu ya yi. Malam ya kawo curin yumɓu ya raba wa 'yan aji uku, ya ce kowa ya gina abin da ransa yake so. Yara suka yi shiru, kowa yana satar kallon na kusa da shi. Da suka ga shugaban aji ya fara gina saniya, sai duk suka shiga gina shanu.

Can a baya akwai wani ɗan ƙaramin yaro mai kunya. Shi bai gina saniya ba. Ya gina ƙadangare ya ɗaga kai, kamar wanda yake gani kullum a kan katangar gidansu. Da ya ga nasa ya bambanta da na kowa, sai tsoro ya kama shi, ya rufe shi da hularsa. Malam ya zo ya ɗaga hular. Yara suka tuntsire da dariya, yaro kuwa ya sunkuyar da kai, idonsa ya cika da ƙwalla.

Malam ya ce a yi shiru. Ya ciro takardar naira 20 daga aljihu, ya nuna musu bayanta, ya ce, "Wa ya san matar nan da take gina tukunya?" Ba wanda ya amsa. Sai ya ba su labarinta.

Sunanta Ladi Kwali. An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa suke kira Gwari. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane wajen wata daga cikin iyayenta mata. Takan murza yumɓu ya yi kamar igiya, ta ɗora wani bisa wani, tana zagaya tukunyar tana shafe ta da hannu, har ta tashi sumul. Mata da yawa a Kwali sun iya wannan. Amma ita idan ta gama, sai ta zana wa randarta siffar abubuwan da take gani a daji da rafi: kunama, da ƙadangare, da hawainiya, da kada, da kifi, da tsuntsu. Kowa ya ga randar ya san hannun wa ta fito.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara waɗansu daga cikin randunanta a gidansa. Abujar nan ita ce garin da yanzu ake kira Suleja. A nan ne wani Baturen Ingila, gwanin ginin tukwane, mai suna Michael Cardew, ya gan su a 1950, ya yi mamakin kyansu. Ba da daɗewa ba ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin.

To, ku lura da abin da ta yi. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta koyi shafa wa tukunya maganin da yake sa ta sheƙi, da gasa ta cikin tanderu mai tsananin zafi. Amma ba ta yar da nata ba don ta ga na Bature. Ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, tana zana musu kunamunta da ƙadangarunta. Aka kai aikinta birnin Landan aka nuna, mutane suka yi ta yabo. Ita kanta ta je Ingila da Amurka, ta tsaya gaban taron jama'a tana gini suna kallo. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984.

Da malam ya gama, sai ya ɗora ƙadangaren nan bisa tebur, ya ce, "Shanunku sun yi kyau, amma saniya ɗaya na gani an maimaita. Wannan yaro shi ne ya duba da idonsa, ya gina da hannunsa." Washegari da aka sake raba yumɓu, wani ya gina kwalekwale, wata ta gina turmi da taɓarya, wani kuma raƙumi mai karyayyar ƙafa. Ba a yi wa kowa dariya ba.

Yara, koyo wajen malami wajibi ne, Ladi ma ta koya sau biyu, a gida da kuma a makaranta. Amma in an ce ku rubuta labari, ko ku yi zane, kada ku leƙa littafin maƙwabci. Ku rubuta abin da kuka gani a gidanku da kasuwarku da gonarku, don ba wanda ya san shi kamarku. In malam ya yi tambaya, ku ɗaga hannu ko da kuna shakka. In kun yi kuskure za a gyara muku, wanda ya yi shiru kuwa ba abin da za a gyara masa. In ɗan'uwanku ya kawo abin da ba ku saba gani ba, kada ku yi masa dariya. Ku tambaye shi yadda ya yi.

Tambayoyi

1. Me ya sa yaron ya rufe ƙadangarensa da hula?
2. Faɗi dabbobi huɗu da Ladi Kwali take zanawa a jikin randa.
3. Me ta koya a makarantar Abuja, me kuma ta riƙe nata?
4. Gina ko zana wani abu da ka gani a hanyarka ta zuwa makaranta yau, ka tashi ka bayyana wa 'yan ajinku shi.