Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Taƙaita Fim ɗin Star Wars?

TAMBAYA: Ni matashi ne daga Alela a jahar Tawa. Na je Birnin Ƙonni wurin masu tura fim a waya, aka sa mini Star Wars a memori. Da na zauna kallo sai na tarar fim uku ne aka dunƙule wuri guda. Abokina da ya ga na asali ya ce an zubar da abubuwa da yawa, har wani mai ban dariya a ciki da ƙyar ake ganinsa. Ni kuwa wannan ɗin ya fi mini daɗi. Don Allah wa ke yin wannan aiki, kamfani ne? Kuma ya halatta?

AMSA: Abokinka ya faɗi gaskiya. Abin da ka kalla bai fito daga kamfani ba, aikin masoya fim ne da suka zauna gaban kwamfuta suka sake yanka shi da haɗa shi. Wannan sana'ar ita ce ƴan fim na Kano ke kira editin, mu kuma nan Nijar muke cewa montaj.

George Lucas na Amurka ya fito da Star Wars na farko a 1977, fim na ƙagaggen labarin kimiyya mai jiragen sararin samaniya da yaƙi tsakanin duniyoyi. Bayan shekaru ya dawo da wasu uku, a 1999 da 2002 da 2005, don ya nuna tushen labarin: yadda Anakin Skywalker, yaro bawa daga duniyar hamada ta Tatooine, ya girma ya zama azzalumin nan Darth Vader. A ƙasar Tunisiya aka ɗauki wuraren hamadar, shi ya sa rairayin da gidajen ƙasar ba za su zame maka baƙi ba.

Masu kallo da yawa ba su gamsu da fim ɗin 1999 ba. Sun ce an cika shi da dogon zancen haraji da zaman majalisa, ga shirmen Jar Jar Binks, wato mai ban dariyar da abokinka ya ambata. Sai wani ma'aikacin montaj mai suna Mike J. Nichols ya ɗauki fim ɗin ya cire kusan minti 18, ya sa masa suna The Phantom Edit. Tsakanin 2000 da 2001 kaset ɗin ya riƙa yawo hannu da hannu kafin ya bazu a intanet, kuma an daɗe ba a san wanda ya yi shi ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2012 ɗan wasan Amurka Topher Grace ya matse fina-finan uku zuwa minti 85, ya nuna wa abokansa a keɓe. Bayansa mutane da dama sun yi irin wannan dunƙulen, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya iso wayarka.

Akwai kuma masu gyara ta wata fuskar. A 1997 Lucas da kansa ya sake taɓa tsofaffin fina-finansa, ya ƙara musu hotunan kwamfuta. Wani malamin makaranta a ƙasar Cek, Petr Harmáček, bai ji daɗin haka ba. Ya bi fina-finan hoto bayan hoto yana maido da su kamar yadda aka fara haska su a silima, ya fitar da aikinsa a 2011.

Me ya sa naka ya fi maka daɗi? Ka tuna da tela. A ba mutum biyu yadi iri ɗaya, wani ya fitar da rigar da ta zauna daram, wani ya fitar da buhu. Mai montaj nagari yakan fara da tambayar kansa: labarin wa ake bayarwa? Idan na Anakin ne, duk fitowar da ba ta ƙara masa komai sai ta tafi. Abin da aka faɗa da baki alhali ido ya riga ya gani, shi ma sai ya tafi. Wani lokaci a ɗauko fitowar ƙarshe a kawo ta gaba don mai kallo ya ƙagu. Wurin da aka fi shan wuya shi ne sauti, domin kiɗa yana tafe a ƙarƙashin magana, in ka yanke hoto kiɗan ya yi tsalle kunne zai kama ka. Abin da ke taimakonsu shi ne manyan fina-finai suna zuwa da sauti rabe kashi shida, magana kuma galibi tana kashin tsakiya, don haka ana iya ɗaga ta a sake shimfiɗa kiɗa. Kada ka raina wannan aiki. Star Wars na 1977 ya ci lambar Oska ta montaj, wadda aka ba Marcia Lucas da Paul Hirsch da Richard Chew.

Mu ma a ƙasar Hausa abin ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya kalli fassarar Algaita ta Kano ya ji yadda ake sa wa jarumin Indiya karin maganar Hausa da barkwanci a baki, har ka rantse ɗan unguwarku ne. Tun kafin wannan, Mustafa Alasan, gwanin silimar Nijar da ya yi zama a garin Tawa, ya yi fim a 1966 kan saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hana ƙauye sakat. Ya ari siffar fim ɗin Turawa ya faɗi maganar gida da ita. Ko kakarka in tana ba da tatsuniyar Gizo, takan rage nan ta ƙara can gwargwadon yaran da ke gabanta.

Batun halacci kuwa, ga yadda yake. Fim dukiya ce mai mai ita. Tun 2012 kamfanin Disney ne ke da Star Wars, bayan ya sayi Lucasfilm a kan kimanin dala biliyan 4 ta Amurka. Dokar haƙƙin mallaka ba ta ba kowa damar rarraba fim ko sayar da shi ba tare da izini ba, ko da ya gyara shi. A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa. Su kansu masu wannan gyara suna da ƙa'idar da suka ɗora wa juna: ba a sayarwa, ba a ɓoye cewa gyararre ne, kuma mai kallo ya mallaki na asali. Saboda haka gyara don koyo a ɗakinka ba ɗaya yake da yin kasuwa da gumin wani ba. Wanda ya sa maka fim ɗin ya kamata ya gaya maka cewa ba na asali ba ne, domin wannan amana ce tsakanin mai sayarwa da mai saye.

Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ka nemi na asalin ka kalla, ka riƙe takarda kana rubuta abin da aka cire da dalilin da kake ganin ya sa aka cire shi. Makaranta ce kyauta. Sannan ka tuna zanen aro ba ya rufe katara. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar hoto, manhajoji irin su CapCut da KineMaster suna yanka da haɗi. Ka ɗauki manoman albasa na Galmi, ko hada-hadar iyakar Ƙonni da Illela, ko labarin da wani dattijo na Alela zai ba ka da yardarsa. Ka ɗauki minti 30, ka tace shi ya koma minti 5 da ba za a iya ɗauke ido a kansu ba. Wannan naka ne halak malak, babu mai tambayarka izini. Allah ya ba da sa'a, muna jiran ganin aikinka.