TSARIN JAM'IYYU BIYU: ABIN DA AKA GWADA A 1989

A darasin Gwamnati ɗalibai sukan haddace cewa tsarin jam'iyyu iri uku ne: na jam'iyya ɗaya, na jam'iyyu biyu, da na jam'iyyu da yawa. Haddar ba laifi, amma ya kamata ku san yadda ƙasa take samun tsarinta. A Ingila da Amurka ba wanda ya kafa doka cewa manyan jam'iyyu su zama biyu. Wani masani Bafaranshe, Maurice Duverger, ya bayyana dalili: inda mai ƙuri'a mafi yawa yake cinye kujera shi kaɗai, mutane ba sa son zubar da ƙuri'arsu ga wanda ba zai kai labari ba, sai ƙananan jam'iyyu su yi ta narkewa cikin manya. Mu kuwa a Nijeriya an taɓa gwada yin abin da ƙarfin doka.

A Jamhuriya ta Farko kowane yanki da jam'iyyarsa: NPC a Arewa, AG a Yamma, NCNC a Gabas. NEPU ta Malam Aminu Kano da UMBC ta Joseph Tarka sai da suka nemi abokan ƙawance daga Kudu. A 1979 aka yi wa jam'iyyu biyar rajista, amma da mutane suka ga Awolowo a UPN, Azikiwe a NPP, Malam Aminu a PRP, suka ce ai suna kawai aka sake.

Wannan ne Janar Ibrahim Babangida ya ce zai magance. A watan Oktoba 1989 ya ƙi amincewa da ƙungiyoyi 13 da suka nemi rajista, ya kafa jam'iyyu biyu da kansa, wato SDP da NRC. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi har a ƙananan hukumomi, ta kuma ba su kuɗi. Ɗan siyasa ba shi da zaɓi, ko nan ko can.

A ganina dabarar ta yi amfani ta fuska ɗaya, kuma kada mu raina shi. Da yake gida biyu ne kawai, dole Bahaushe da Bayarabe da Tibi da Ibo su zauna inuwa ɗaya su yi ciniki. A zaɓen 12 ga Yuni 1993, Moshood Abiola na SDP, mutumin Abeokuta, ya kayar da Bashir Tofa na NRC a Jihar Kano, mahaifar Tofa ɗin. A zamanin NPC da AG wa zai yi mafarkin haka?

Amma jam'iyyun ba su da saiwa. Ba 'ya'yansu ne suka haife su ba, ba su ne suke ciyar da su ba. Da aka soke zaɓen, shugabannin SDP kansu suka rabu, wasu har suka yarda da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. A Nuwamba 1993 Janar Sani Abacha ya rushe jam'iyyun biyu a jawabi ɗaya. Wanda ya ba ka aron riga, ranar da ya ga dama yake karɓar abarsa.

Ku kwatanta wannan da 2013, lokacin da ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka haɗu suka zama APC. Ba soja ne ya tilasta musu ba. Lissafi suka yi, suka ga a rarrabe ba za su taɓa kayar da PDP ba, musamman da yake tsarin mulki ya ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi. A 2015 suka ci, karo na farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a ƙasar nan. Duk da haka lissafin Duverger bai zauna daram ba, domin a 2023 LP ta ci Jihar Legas a zaɓen shugaban ƙasa, NNPP ta ci Kano, wanda aka bayyana ya yi nasara kuma bai kai kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u ba.