Karatu Bayan Digiri Na Farko: Fannoni Uku Da Ya Kamata Uwa Ta Sani

Sau da yawa yarinya kan gama jami'a ta ce tana son ƙaro karatu, sai uwa ta ce, "Wai wane karatu kuma, ba kin gama ba?" Da haka sai magana ta mutu, alhali da uwar ta san abin da ake nufi, da ita ce za ta fara shige mata gaba wurin mahaifinta ko mijinta. Shi ya sa darasinmu na wannan fito zai duba fannoni uku na kimiyya da yadda ake zurfafa karatu a cikinsu.

1. Injiniyancin sarrafa sinadarai

Wannan shi ne ilimin juya ɗanyen abu ya zama kayan amfani masu yawa a masana'anta. Sabulu, takin zamani, kananzir, roba da maganin asibiti duk sai sun bi ta hannun masu wannan ilimi. Matatar mai ta Ɗangote da aka ƙaddamar a Legas a 2023 an gina ta ne don tace gangar ɗanyen mai 650,000 a rana, kuma irin waɗannan injiniyoyi ne ke lissafin zafi da matsin da kowane mataki ke buƙata. Ana karanta fannin har matakin digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kar a ce na maza ne kawai: Frances Arnold ta Amurka shi ta karanta, kuma ta ci kyautar Nobel a 2018.

2. Injiniyancin halittu da na'urorin lafiya

A nan ana haɗa lissafin injiniya da ilimin jikin mai rai. Injin wankin ƙoda, ƙafar roba da na'urar da ake dasawa a ƙirji don daidaita bugun zuciya duk daga nan suka fito. Dā can, allurar insulin ta masu ciwon suga daga jikin shanu da aladu ake samo ta. Tun 1982 aka fara amfani da wadda ƙwayoyin bakteriya ke samarwa bayan an sa musu ƙwayar gadon ɗan Adam.

3. Kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi

Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, suna aika wa juna saƙo ta hanyar lantarki da sinadarai. Idan lantarkin ya rikice, sai a sami farfaɗiya. Idan jini ya daina kaiwa wani sashe, sai ɓarin jiki ya shanye. Masu wannan fanni su ke binciken irin waɗannan cututtuka da ciwon mantuwa na tsofaffi. A Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu akwai cibiyar bincike da horarwa da aka buɗe a 2021 bisa jagorancin Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa.

Yaya karatun yake?

Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a Nijeriya, a Ingila kuwa galibi shekara ɗaya. Digirin digirgir ba ya gaza shekara uku, a Amurka yakan kai biyar ko shida. Bambancinsa da karatun farko shi ne, ba zaman aji ne ya fi yawa ba. Ɗaliba za ta zaɓi tambaya ɗaya da ba a amsa ba, ta yi gwaje-gwaje ƙarƙashin malami mai duba aikinta, ta rubuta kundi, sannan ta kare shi a gaban masana. Jami'o'inmu kan nemi sakamako mai kyau a digirin farko da takardar bautar ƙasa.

To ina kuɗin?

Nan ne iyaye da yawa ke karaya, amma akwai ƙofofi. Asusun PTDF na gwamnatin tarayya yana ɗaukar nauyin masu karatun da ya shafi man fetur da iskar gas. TETFund yana biya wa malaman manyan makarantun gwamnati. Jami'ar KAUST da ke Saudiyya, wadda aka buɗe a 2009, tana ɗauke wa ɗalibanta kuɗin makaranta, ta ba su masauki da alawus na wata. Haka yawancin masu digirin digirgir na kimiyya a Amurka biyansu ake yi.

Shawara ga uwa da matar aure

Gaskiya ɗaya ce, aikin ɗakin gwaji ba ya jira. Wani gwajin sai an duba shi safe da yamma, har ranar hutu. Don haka a zauna da maigida tun kafin a cike takarda, a tsara wa zai riƙe yara, a kuma tambayi malamin da zai duba aikin ko akwai kayan aiki da wutar lantarki. Mai juna biyu ta sanar da wuri, domin wasu sinadaran na da illa ga ciki. Ke kuma uwa, ki tambayi 'yarki sakamakonta tun tana aji biyu na jami'a, domin da shi za a auna ta ranar neman gurbi da tallafi.

Sai mun haɗu a fito na gaba, in Allah ya kai mu.