Darasi Na Tara: Hausar Kimiyya, Furotin EZH2 da Ciwon Daji

A cikin cibiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai zaren gado, wato DNA, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 2. Dogon zare irin wannan ba zai shiga ɗan ƙanƙanin wuri ba sai an naɗe shi. Saboda haka yakan naɗu a jikin wasu furotin da ake kira histon, tamkar yadda masaƙi ke naɗe zare a ƙwarƙwaro. Bajamushe Albrecht Kossel ne ya gano histon a shekarar 1884, amma sai a 1964 Vincent Allfrey da abokan aikinsa a Amurka suka kawo ra'ayin cewa 'yan alamomin sinadari da ake liƙa wa histon suna da hannu wajen buɗe ƙwayoyin gado ko rufe su.

EZH2 na cikin masu liƙa irin waɗannan alamomi. Aikinsa shi ne ɗora sinadarin metil a gurbi na 27 na histon H3. Da zarar alamar ta hau, sai naɗin ya ƙara tsukewa, ƙwayar gadon da ke wurin ta yi shiru. Abin lura a nan shi ne, rubutun gadon bai canza ba, karanta shi kawai aka hana.

A 2010 masana a Kanada suka tarar da gurɓataccen EZH2 a wasu nau'o'in ciwon daji na kaluluwa, inda yake zarce ƙima wajen aiki, har ya toshe bakin ƙwayoyin gadon da ke tsawata wa yaɗuwar ƙwayoyin halitta. A wannan shekarar kuma aka ga akasin haka a wasu cututtukan ɓargo: can raunin furotin ɗin ne ke tafe da cuta. Ke nan kuskure ne malami ya gabatar da shi ga ɗalibai a matsayin "mugun furotin", domin yawansa illa, ƙarancinsa ma illa. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da tazemetostat, maganin da aka haɗa don dakushe kaifinsa.

Aiki: Ɗalibi ya tsamo kalmomin aro da ke cikin wannan nassi, ya bambanta su da waɗanda aka faɗaɗa ma'anarsu, kamar "cibiya" da "zare". Sannan ya bayyana inda kwatancin ƙwarƙwaro ya dace da histon, da kuma inda ya gaza.