Shawarwari Bakwai Don Kare Ƙashin Bakwaini Mai Ciwon Huhu

Kusan kashi 80 cikin 100 na kalsiyam da fosfaras, sinadaran da ke gina ƙashi, jariri na samun su ne a watanni ukun ƙarshe na ciki. Bakwaini kuwa ya fito bai gama ɗibar rabonsa ba. Idan huhunsa ya yi rauni har ya shafe makonni a kan iskar oksijin, haɗarin laushin ƙashi ya ƙaru. Ga abin da gidajenmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa za su kiyaye:

1. Ku san wanda ya fi shiga haɗari. Shi ne jaririn da aka haifa kafin mako 28, ko wanda bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ko wanda aka daɗe ana ciyar da shi ta jijiya.

2. Ku tambayi sunan magungunan da aka ba shi. Furosemide, mai rage ruwa a huhu, yana fitar da kalsiyam ta fitsari. Dexamethasone kuma yana rage ginuwar ƙashi. Dukansu suna ceton rai a hannun likita, don haka kada a dakatar da su da ka, kada kuma a sayo su a kemis a ci gaba da bayarwa.

3. Nonon uwa ne gaba da komai, amma shi kaɗai ba ya cika buƙatar ƙaramin bakwaini. Likita kan ƙara masa ɗigon bitamin D, wani lokaci da kalsiyam da fosfaras. A ba shi kullum yadda aka rubuta. Ban da ruwa, jiƙo ko madarar shanu.

4. A kula da mai jego. Ta samu kindirmo, ƙwai, zogale, riɗi da ƙananan kifi. Ta riƙa shan hantsi a tsakar gida, domin rana ce ke sa jiki ya samar da bitamin D.

5. A ɗauke shi da lallami. Kada a ja shi ta hannu ko ƙafa, kada a yi masa tausa mai ƙarfi wajen wanka, domin haƙarƙarinsa na iya tsagewa ba tare da ya faɗi ba. A riƙa kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a bar shi ya motsa gaɓoɓinsa.

6. A nisanta shi da hayaƙin murhu, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da ƙurar hunturu. Duk tarin da ya mayar da shi gadon asibiti zai iya jawo ƙarin magani da ƙarin kwanciya, ƙashi kuma ya ƙara laushi. A cika masa rigakafi.

7. Kada a jira alama. Matsalar kan bayyana bayan wata ɗaya da rabi zuwa huɗu da haihuwa, kuma gwajin jini ne ke fara gano ta. Idan ya daina motsa hannu ko ƙafa, ko yana tsala kuka in an taɓa shi, ko wuyan hannunsa ya kumbura, asibiti za a nufa, ba wurin mai ɗori ba. A fara da Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa. In da buƙata za su tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Shika a Zariya.

Maigida, ka tanadi kuɗin mota tun kafin ranar komawa asibiti, ku fita da rana, ku riƙe katin jaririn. Laushin ƙashi yana warkewa idan an gano shi da wuri.